Yadda Ake Rainon Malam-Buɗe-Littafin Tumfafiya Daga Ƙwai Har Ya Tashi

Wanda ke bin hanyar Zuba zuwa Gwagwalada, ko yake ratsa kangayen bayan Kubwa da Kuje, ya sha ganin wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, bakin fukafukansa baƙi da ɗigo-ɗigon fari, yana shawagi a hankali ba ya gaggawa. Masana suna kiransa Danaus chrysippus. Rayuwarsa a ɗaure take da tumfafiya: a jikinta ake saka ƙwansa, ganyenta tsutsarsa ke ci, kuma daga farin ruwanta yake samun dafin da ke hana tsuntsaye cinsa. A ganina babu irin da ya fi shi dacewa da mai koyo. Abincinsa kyauta ne, tsutsarsa ba ta da gashi mai ƙaiƙayi irin na gizaka, kuma daga ƙwai zuwa tashi bai cika wuce wata guda ba a zafin Abuja. Malamin firamare zai iya farawa ya gama da ɗalibansa cikin zango ɗaya, iyaye ma za su iya yi da yara a baranda.

KAYAN AIKI

Ka nemi bokitin roba mai haske wanda ake ganin cikinsa, ko babbar robar ruwa da aka yanke samanta. Tsawonta ya kai kamu biyu ko kusa da haka, don a ƙarshe akwai mai buƙatar wurin shanya fukafukai. Sai yadi mai shara-shara na rufe baki, da robar ɗaure shi. Sai ƙaramar kwalba da auduga, almakashi, safar hannu, tsohuwar jarida ko tishu, tsinke busasshe guda biyu, zare, da ƙaramin burushin fenti mai laushi. In babu burushi, gashin kaza mai tsabta ya wadatar. In babu safar hannu, ka zura hannunka cikin leda. Kada ka manta da littafi da biro da abin awo mai santimita.

Maganar yadin rufi tana buƙatar a tsaya a kanta. Abu na farko da ke zuwa zuciyar kowa shi ne ya yanko tsohon gidan sauro. Kada ka kuskura. Gidan sauron da ake rabawa a asibitoci da unguwanni an yi shi ne da maganin kashe ƙwari a jikin zarensa, kuma an yi shi don ya jure wanki. Tsutsar da ta hau kansa ba za ta kai labari ba. Tsohon gyale mai shara-shara, ko ragowar labule mai raga, ko yadin raga da teloli ke sa wa rigar amarya, duk sun fi shi. Haka nan bokitin da aka taɓa dama maganin feshi a ciki, ko an wanke shi sau nawa, ka bar shi.

1. KA FARA SANIN WANDA KAKE NEMA

Shi ƙwaro ne, daga rukunin Lepidoptera, masu fukafukai da ke lulluɓe da ƙananan ɓawo. Wannan ɓawon shi ne hodar da ke maƙale wa yatsa idan an kama shi. Nijeriya tana da ire-iren malam-buɗe-littafi sama da 1,000, kuma an kasa su gida-gida. Namu ɗan gidan Nymphalidae ne, kuma alamar gidan a fili take: idan ya sauka ka ƙirga ƙafafunsa, huɗu za ka gani. Biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji, ba a tafiya da su, amma macen tana bubbuga ganye da su ta ɗanɗana shi kafin ta yarda ta saka ƙwai. A cikin gidan kuma yana ɓangaren Danainae, masu cin tsirrai masu farin ruwa. Masanin nan na Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya fara ba shi suna a 1758, a lokacin ya kira shi Papilio chrysippus, daga baya aka mayar da shi zuriyar Danaus. Ɗan uwansa na kusa shi ne Danaus plexippus na Amurka, wanda ke ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa Meziko kowace shekara. Namu yana nan a duk Afirka, da ƙasar Larabawa, da Indiya har gaba. Tsoffin Misirawa ma sun zana shi a bangon kabarin wani magatakarda mai suna Nebamun, kimanin shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma zanen yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Faɗinsa idan ya buɗe santimita 7 zuwa 8 ne. Fukafukan gaba ruwan goro ne, ƙarshensu baƙi da farar sarƙa a gicciye. Kai da ƙirji baƙaƙe ne da fararen ɗigo. Idan ka duba hotonsa a intanet za ka ga galibi fukafukan baya ma ruwan goro ne, kada wannan ya ruɗe ka: na Afirka ta Yamma, wanda ake kira alcippus, fukafukansa na baya farare ne. Akwai kuma na gabashin Afirka, dorippus, wanda ba shi da baƙin nan na ƙarshen fiffike.

Akwai masu kwaikwayonsa, kuma nan ne mai koyo ke shan wahala. Macen Hypolimnas misippus ba ta da dafi, amma ta ɗauki kamanninsa sak don tsuntsaye su ƙyale ta, alhali namijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi-shuɗi a gefensu, ba ka ce jinsi ɗaya ba ne. Irin wannan kwaikwayo masanin nan na Birtaniya, Henry Walter Bates, shi ya bayyana shi a 1862 bayan zamansa a dajin Amazon. Ka dubi tsakiyar fiffiken baya: namu yana da baƙaƙen ɗigo uku a jere, ita kuwa ba ta da wannan jerin, kuma gefen fiffikenta ya fi yin lanƙwasa-lanƙwasa. Sai Acraea encedon, wanda ya fi ƙanƙanta, fukafukansa sirara dogaye, na baya cike da ƙananan ɗigo barkatai. Sauƙin abin shi ne duk cikinsu babu mai saka ƙwai a tumfafiya sai namu.

2. NEMAN ƘWAI DA TSUTSA

Ka fita da hantsi, lokacin da rana ta ɗan yi zafi. Tumfafiya ba ta bushewa da rani, shi ya sa ana samun wannan ƙwaro kusan duk shekara, amma daga tsakiyar damina zuwa kaka aka fi dacewa. Kada ka ɓata lokaci a kan manyan bishiyoyi masu tauraren ganye. Ka nemi ƙananan tsirrai da sabon toho, musamman inda aka sare ta sake fitowa. Ka juya ganye ɗaya bayan ɗaya, domin a bayan ganye ake saka ƙwan, guda-guda, ba a tare ba. Fari ne mai ɗan rawaya, bai fi kan allura girma sosai ba, mai tsini a sama da zane-zane a tsaye. Idan ka ga mace tana sauka tana lanƙwasa cikinta ƙarƙashin ganye, ka tsaya ka bar ta ta gama, sannan ka je wurin.

Wata alamar ita ce ƙaramin yanka mai zagaye a jikin ganye. Jaririyar tsutsa ce ke yinsa: tana yanke da'ira don farin ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke tsakiya, in ba haka ba ruwan zai danƙare mata baki. Idan ta girma, jijiyar ganyen take datsewa. Babbar tsutsa ba ta ɓuya: zobe-zoben baƙi da fari da tabon rawaya, da siraran ƙahoni masu laushi guda shida, biyu kusa da kai, biyu a baya kaɗan, biyu a wutsiya.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne nauyi. Farin ruwan tumfafiya yana yi wa ido mummunar illa, har ya kan dushe gani na kwanaki. Ka sa safar hannu, kada ka sosa ido, ka wanke hannu da sabulu da zarar ka gama. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, sannan a tafi asibiti, kada a ce bari a gani zuwa gobe. Yankan ganye aikin babba ne. Yara su tsaya ga kallo da rubutu.

Ka yanko ganyen da ƙwan ke kai gaba ɗaya, kada ka ɓamɓare ƙwan. A karon farko huɗu ko biyar sun isa. In kana da zaɓi tsakanin ƙwai da babbar tsutsa, ɗauki ƙwai, dalilin yana zuwa a mataki na 5. Ka guji tsirran gefen gona da gefen titin da ake yi wa feshin ciyawa.

3. SHIRYA MAZAUNI

Shimfiɗa takarda a gindin bokiti. Cika ƙaramar kwalba da ruwa, ka wanke bakin reshen da ka yanko har farin ruwan ya daina fita, ka soka shi a ciki, sannan ka toshe bakin kwalbar da auduga tam. Tsutsa tana bin reshe ta gangara cikin ruwa ta nutse idan an bar ƙofa. Jingina tsinken nan biyu, rufe da yadi, ɗaure da roba.

Ƙwai da jarirai kuwa, ƙaramar roba mai murfi ta fi musu, da ɗan tishu mai laima kaɗan a ƙasa, don a babban bokiti ɓacewa suke yi.

Wurin ajiya ya zama mai haske da iska amma ba cikin rana ba, don roba a ranar Abuja tana ɗaukar zafin da zai kashe su cikin ɗan lokaci. Kada ya zama ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake fesa fiya-fiya. Da yawa daga tsutsotsin da ke mutuwa a hannun masu koyo a nan suke mutuwa: wani ya fesa ɗaki da magariba, da safe a tarar da su suna murɗawa suna aman koren ruwa. Ka sanar da duk mutanen gida. Saboda cinnaka da kiyashi, ɗora bokitin a kan bulo ko gwangwani a tsakiyar faranti mai ruwa. Yadin rufi kuma shi ke tsare su daga tsaka da gizo-gizo da zanzaro.

4. CIYARWA DA TSABTA

Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 5. Idan samansa ya yi baƙi, kan tsutsar ne kake gani, ta kusa fitowa. Abincinta na farko ɓawon ƙwanta ne, ka bar ta ta cinye. Daga nan sai ganye mai taushi.

Kowace safiya ka sa sabon ganye da aka ɗauraye aka goge ruwansa, ka zubar da kashin da ya taru, ka sauya takarda. Kada ka cizge tsutsa daga tsohon ganye. Ka ajiye sabon kusa da ita ta hau da kanta, ko ka yanko guntun da take kai ka ɗora a kan sabon. Burushi na jarirai ne kawai, idan sun faɗo.

Tsutsar tana saɓa sau huɗu tana girma, saɓa ta biyar ita ce ta shiga ƙunshi, wato kwanson da take rikiɗa a cikinsa ta zama malam-buɗe-littafi. Kafin kowace saɓa takan daina ci, ta tsaya cik wuri ɗaya kusan yini guda. Mai koyo yakan zaci ciwo ne ya kama taɓa ta. A lokacin ta saƙa ɗan zare ta kafa ƙafafunta a ciki don ta samu abin jan tsohuwar fata, in ka ɗauke ta ka raba ta da shi. Ka ƙyale ta.

Kwanakin ƙarshe cin nata yana ba da mamaki. Tsutsar da ganye ɗaya ke isar ta kwana biyu sai ta koma cinye babban ganye a yini. Ka tanadi ganye tun kafin lokacin, don yunwar yini ɗaya a wannan mataki tana sa a samu ƙaramin malam-buɗe-littafi mara ƙarfi. Ana iya ajiye ganye kwana biyu ko uku a leda da ɗan tsumma mai laima, a ƙasan firji nesa da abinci, ko a gindin randa in wuta ba ta samuwa. In tumfafiya ta yi maka nisa, yaɗiya da fataka danginta ne kuma tsutsar tana cin su, haka ma furen lambu mai ja da rawaya da ake kira Asclepias curassavica. Sai dai wadda ta saba da ganye ɗaya takan yi jinkirin karɓar wani, don haka ka haɗa mata biyun tare kafin na farkon ya ƙare. Ganyen mangwaro ko latas ko zogale ba za ta taɓa ba ko za ta mutu da yunwa.

Ka raba manya da ƙanana, domin babba tana iya cinye ƙwai tare da ganyen da yake kai. Wadda ta yi laushi, ta yi baƙi, ko take wari, a fitar da ita nan take, a wanke mazaunin.

Kullum ka auna tsawonta ka rubuta. Daga 'yan milimita takan kai wajen santimita 4 cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Da sanyin hunturu komai yana jinkiri, wannan ba matsala ba ce.

5. ƘUNSHI

Idan ta ƙoshi sai ta bar ganye ta kama yawo a bokiti. Za ta zaɓi wuri a jikin yadi ko tsinke, ta saƙa ɗan dunƙulen farin zare, ta maƙala wutsiyarta, ta rataya kai ƙasa a lanƙwashe kamar ƙugiyar mahauci. Haka za ta zauna kusan yini. Idan ƙahonin suka yi yaushi, jikin ya miƙe, to ka kira yara, don abin da zai biyo baya mintoci kaɗan ne: fata ta tsage daga bayan kai, ta tattare zuwa sama, ƙunshin ya yi ta juyi har ya kafa ɗan ƙaramin baƙin maratayinsa a cikin zaren, tsohuwar fatar ta faɗi.

Ƙunshin bai fi santimita 2 ba, kore ne shar ko kuma mai ɗan ja-ja fari, da ɗigon zinariya da siririn layi baƙi da zinariya a gicciye. Duka launukan biyu lafiyayyu ne. Kwana biyun farko yana da laushi, kada a taɓa. In ya faɗo bayan ya yi tauri, ɗaura zare a baƙin maratayin nan kaɗai, ba a jikinsa ba, ka rataye shi a tsinke. In hakan ya gagara, kwantar da shi a kan tishu dab da wani yadi da ka sako daga sama zuwa ƙasa, yadda mai fitowa zai samu abin hawa. Da hunturu ka ɗan yayyafa ruwa a jikin yadin rufi sau ɗaya a rana saboda bushewar iska.

Wani lokaci ƙunshi yakan yi duhu da wuri, sai ka ga farin zare ya sauko daga jikinsa, da wata farar tsutsa ko ɗan ƙwallo ruwan ƙasa a gindin bokiti. Wani ƙuda ne na gidan Tachinidae ya riga ya sa wa tsutsar ɗansa tun tana daji, ya ci ta daga ciki. Ba sakacinka ba ne, kuma dalilin da ya sa na ce ƙwai ya fi babbar tsutsa ke nan. Ka rubuta shi a littafi, shi ma ɓangare ne na tarihin wannan halitta.

6. FITOWA

Bayan mako guda zuwa kwana goma, ko fiye in ana sanyi, ƙunshin zai yi duhu, fatarsa ta zama garai-garai har ka hango ruwan goro da fararen ɗigo a ciki. Gobe da safe ke nan, galibi. Ka kwashe ganye da kwalba don a samu fili.

Yana fitowa da ƙaton ciki da ƙananan fukafukai a cukurkuɗe. Zai rataya a jikin ɓawon ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fiffike har su miƙe, yana kuma naɗewa da warware dogon bakinsa, wanda ke fitowa a rabe biyu sai ya haɗe su su zama bututu ɗaya. Zai zubar da wani ruwa ja-ja. Ba jini ba ne, ragowar dattin da ya taru ne a ƙunshi. Kada hannu ya kai gare shi har awa biyu ko uku. In ya faɗo, miƙa masa tsinke ya kama, ka ɗaga shi fukafukai na kallon ƙasa. Fiffiken da ya bushe a murɗe ba ya gyaruwa.

7. NAMIJI KO MACE, SANNAN SAKI

Kafin ka sake shi ka dubi fiffiken baya. Mace ɗigo uku gare ta. Namiji yana da na huɗu, babba, ɗan kumburarre, wanda ta ƙasan fiffike za ka ga fari a tsakiyarsa. Aljihun ƙanshi ne. Namijin yana zuwa wurin wasu tsirrai irin su Heliotropium da Crotalaria, musamman waɗanda suka fara bushewa, ya tsotsi sinadarin da yake haɗa ƙanshin neman mace da shi, kuma yana da wasu gashi biyu a ƙarshen cikinsa da yake fitarwa ya barbaɗa wa macen. Shi ya sa wani lokaci za ka tarar da tarin maza a kan busasshen tsiro da ba fure a jikinsa.

Ɗauki hoton sama da ƙasan fiffike. Sannan ka kai bokitin inuwa kusa da furanni, da rana ba da dare ba, ka buɗe, ka bar shi ya tashi da kansa. In ana ruwan sama, ya kwana. Ranar farko ba ya buƙatar abinci. In ya kai kwana biyu, jiƙa auduga da ruwan sukari, cokali ɗaya cikin cokali tara na ruwa, ka ɗora ƙafafunsa a kai, da ƙafa yake jin ɗanɗano.

A littafinka ya kasance akwai ranar samun ƙwai da unguwar da aka samo shi, ranar ƙyanƙyasa, ranakun saɓa, launin ƙunshi, ranar fitowa, jinsi, da ko fiffiken baya fari ne tas ko da sauran ruwan goro a ciki. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga masu nazarin yadda nau'o'in nan ke cuɗanya a Afirka, kuma kana iya ɗora hoton a manhajar iNaturalist da wuri da kwanan wata, inda masana ke dubawa su tabbatar da suna. Kafin ka kawo wasu ƙwai, wanke bokiti da kwalba da ruwan bilic mai rauni, ɗauraye sosai har warin ya fita, ka shanya a rana, ka sa sabon yadi da sabbin tsinke. Wanda ke son ci gaba da abin ya bar tumfafiya ɗaya ta tsaya a bayan katanga inda yara da awaki ba sa kaiwa, yana sare kanta lokaci-lokaci don ta riƙa fitar da sabon toho.